Ruwan Ɓular Inna

Markar bana ta zo da naci. Tun shigowar watan Agusta gari bai washe sosai ba a Ƙaura. In an yi ruwa da safe sai a ɗan tsagaita da azahar, kafin la'asar kuma hadari ya sake haɗowa daga gabas. Shanya ba ta bushewa, gishiri ya narke a cikin gwangwani, masu keke napep kuwa sun daina shiga layinmu saboda taɓo, sai dai su sauke ni a bakin titi in tattare zane in ƙarasa da ƙafa. A cikin wannan markar ce na ɗauko Inna daga Zurmi na kawo ta gidana, bayan zazzaɓi ya kwantar da ita, ya tashi ya bar ta ba ta son ko ƙamshin abinci.

Inna mahaifiyata ce, ni ce 'yarta ta fari, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Da ina ƙarama "Ke" ne sunana. Da na yi karatu na samu aiki a ɗakin karatu na wata babbar makaranta, sai ta samu sauƙi, ta koma kirana Malama, kamar yadda mutanen unguwa ke yi.

Likitan da ya duba ta bai yi mana ɓoye-ɓoye ba. Ya ce zazzaɓin ya tafi, amma jikin ba ya da abin da zai tsaya a kai. In har ba ta fara cin abinci ba kafin ranar da zai sake ganinta, kwantar da ita zai yi, a zura mata roba ta hanci. Inna ta yi ƙuruciyarta da girmanta tana aiki a asibitin sha-ka-tafi, ba sai an yi mata bayanin robar ba. Muna cikin keke a hanyar gida ta kama gefen mayafina.

"Malama, kak ki bari a sa mani abin ga. In kwana sun ƙare, su ƙare hancina na sake."

Na ce mata in sha Allahu ba za a kai ga haka ba. Babu abin da ban gwada ba. Farfesun kaza, kunun gyaɗa, shayi mai kauri, ayaba, faten dankali, har da madarar gwangwani mai tsada da wata abokiyar aikina ta rantse mini da ita. Inna ta kan karɓi cokali ɗaya don kada ta kunyata ni, ta juya shi a baki, ta kau da kai. "Lami," in ji ta. Komai lami ne. Ni kuwa ga aiki da safe, ga 'ya'ya, ga girki, kullum ina fita da kofin shayin da ban sha ba a kan tebur, in dawo in tarar da kwanonta yadda na bar shi.

Wata safiya ina neman takalmina ɗaya a ƙarƙashin kujera, ita kuma tana zaune a bakin ƙofa tana kallon ruwan da ke zuba daga indararo, sai na ji ta ce, kamar ba da ni take ba:

"Malkar ga irin ta shekarar da Babanku yas shiga rumbu da tsintsiya ta."

Na tsaya da takalmin a hannu. Na fi shekara talatin ban tuna da wannan damina da gangan ba, amma ashe tana nan zaune ba ta je ko'ina ba.

Lokacin ina ajin ƙarshe na firamare. Daminar da ta gabace ta ruwa ya ɗauke lokacin da gero ke tsakiyar zuba ido, aka yanke shi rabi ƙwaya rabi iska. Rumbunmu da kan cika har sai an danna, a shekarar ko wuya bai kai ba. Muka ci rani da shi a hankali. Da ruwan shuka ya sauka aka ɗebi iri, ya ƙara yin ƙasa. Kafin a gama noman farko an daina dama fura da rana. Kafin maimai geron ya ƙare kaf, sai 'yar dawar da ke ƙasan rumbu. Ranar da Inna take magana a kai, na ga Baba ya jingina tsani, ya shige rumbun gaba ɗayansa, ya ce in miƙo masa tsintsiya da ƙwarya. Ina tsaye a ƙasa ina jin sautin shara daga ciki. Da ya fito, gemunsa duk ƙaiƙayi, ya miƙa wa Inna ƙwaryar, ta karɓa.

Abin da ya fi ba ni haushi a wannan damina shi ne kyanta. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Gonarmu ta yi kore shar, gero ya fi Baba tsawo, in iska ta kaɗa shi har wani sheƙi yake. Ko'ina ka duba abinci ne ke tafe, amma bai iso ba, mu kuma ciki ba ya jira. Kwaɗi suna ta kukansu a kududdufin bayan gida, katangar ƙasa ta jiƙe tana wari mai daɗi, ɗakinmu na yoyo ta kusurwa biyu, mun jera tasoshi suna ɗis, ɗis. Tafasa da rama da yaɗiya kuwa sun fito ko'ina, su ne suka riƙe mutane da yawa.

Inna ba ta zaman gida kamar sauran matan unguwa. Ita ce mai wanke ciwo da riƙe yara in za a yi musu allura a sha-ka-tafi, kuma damina ce lokacin da aikin ya fi yawa, don zazzaɓi ba ya barin gida ko ɗaya. Albashinta kan makara, in ya zo kuma dawa ake aunowa da shi a kasuwa, dawar da a lokacin ta yi tsadar da sai mutum ya riƙe baki. Tana fita da sassafe, sai bayan la'asar take dawowa. Itace a jiƙe yake, hura wuta kaɗai aikin rabin safiya ne. Matar da za ta fita aiki ba ta da wannan lokacin, dawar kuma ba ta isa a yi tuwo sau biyu a bar wa tukunya ƙanzo ba. Shi ya sa ta koma ɓula.

Ga wanda bai tashi a wajenmu ba, ɓula curin tuwo ne da ake ajiyewa a cikin ruwa. In an yi ta sau ɗaya sai ta kai mako ko fiye ba ta lalace ba, muddin ana sake mata ruwa kowace safiya. Tana ƙara kwana tana ƙara tsami. Ba ta son wuta, ba ta son jira, yaro ma zai iya tsamo ta ya ci.

Lahadi ce ranar ɓula, don ran nan ne ba ta zuwa aiki. Tun kwana biyu kafin nan an surfe dawar an jiƙa, gidan duk ya ɗauki warin tsimi. Da hantsi sai ga Gwaggo Balki, yayar Baba, ta shigo da taɓaryarta a kafaɗa da bakinta da ba ya hutawa.

"Matar gwamnati! Yau an sauko ƙasa wurin talakawa?"

"Yaya, gwamnati ba ta surfe. Kama mani turmin ga mu jawo shi rumfa."

Maƙwabta biyu ko uku kan shigo su ma, kowacce da 'yar ƙwaryar dawarta, a haɗa wuta ɗaya tunda busasshen itace ya fi hatsi wuyar samu. A niƙa a dutse, a tace, a cura, a jefa a tafasasshen ruwa. Hayaƙin ɗanyen itace ya cika rumfar, kowa na hawaye ana dariya. In ta dahu a juye a turmi, taɓare uku su hau kai, Gwaggo tana jefa tata sama tana tafi kafin ta dawo, wai don a san ba yunwa ce ta kawo ta ba. Daga nan a zauna mulmula. Zafinta kan ƙona tafin hannu, sai an riƙa tsoma hannu a ruwa. Ni aikina jefawa cikin tukunya, wata tsohuwar baƙar tukunyar ƙasa da ke bayan ƙofar ɗakin Inna. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar faɗawarsu, culum, culum.

Kowace safiya kuma ni ce mai sake ruwan. In tsiyaye na jiya, in zuba sabo daga randa. Ruwan da ya kwana kan yi fari-fari, da ɗan kauri, da tsamin da ke bugun hanci. A sauran gidaje awaki ake ba wa ko a watsar a bayan ɗaki. A gidanmu kuwa, da na ɗago tukunyar sai in ji muryar Inna:

"Ke, kak ki zubda. Kawo nan."

Sai ta tara ƙaramar ƙwaryarta, ta jefa ɗan gishiri, ta murza busasshen barkono da yatsu, ta kaɗa, ta kafa kai. In ta sauke sai ta lumshe ido, ta tsotsi leɓe, ta ce, "Alhamdu lillahi, wanga ya yi." Sannan ta tsamo wa kowannenmu curinsa, ta ɗaura wa Baba nasa da ɗatun tafasa, wato kwaɗon ganye, don ya tafi da shi gona. Ta naɗe farar rigar aikinta a leda, ta riƙe takalma a hannu, ta kifa buhu a ka saboda yayyafi, ta fita. Ina leƙenta ta zaure har ta sha kwana, tana tsallake kwatami, dunduniyarta ja da lalle, don Inna ko ana yunwa ba ta barin ƙafarta fari.

Ban taɓa ganin ta tsamo wa kanta curi da safe ba, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Kowa ya san Inna da son tsami. Ba ta shan sukari a koko, tsamiya take tsotsa kamar alewa, miyar sure kuwa, wato yakuwa, in ba ta sa mutum ya runtse ido ba, ba ta kira ta miya ba. Sai na ɗauka ruwan ɓula ma cikin kwaɗayinta yake. In ta dawo da yamma, tana warin aidin da sabulun asibiti, ta kan ci ɗatu da ɗan gutsuren abin da ƙannena suka rage, ta kunna rediyo, ta ciji farin goro, ta miƙe ƙafafu.

Gwaggo Balki ce ta fara lura. Wata Lahadi ana cikin kirɓi, Inna ta saki taɓarya ta dafa turmi, ta zame ta zauna a ƙasa. Zanen da take ɗaurawa ya zagaye ta ya yi saura. Gwaggo ta yayyafa mata ruwa, ta dube ta sama da ƙasa, wasan nan duk ya bar fuskarta.

"Wane irin ciki ka riƙon ruwan tsami shi yi aikin gwamnati? Kashe kanki za ki yi ki bar muna ɗiya?"

"Jiri na kawai, Yaya. Ni ruwan nika so."

"Ruwan kika so! To yau sai kin so curin."

Ta gutsuro daga nata kason, da zafinsa, ta zauna a gabanta har sai da ta haɗiye. Washegari da safe na ɗago tukunya, na ji, "Ke, kawo nan." Ba abin da ya sake.

Haka muka ja har gero ya yi bununi, ya zuba ido. Ranar da Baba ya shigo da zangarniyar farko a cikin hularsa, muka gasa tumu a bakin murhu, ƙamshin ya cika gida, ƙanena ya ƙone baki don gaggawa. Ban ƙara cin abin da ya kai wannan tumun daɗi ba. Aka yanke gero, rumbu ya cika har aka danna, fura ta dawo, muka murmure.

Sai da na girma na haifi nawa, na san yadda uwa ke duban kwano ta duba kawunan yara, sannan na gane abin da na riƙa gani kowace safiya. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Na tsani ɓula, na tsani warinta, na ce ba za a taɓa yin ta a gidana ba. Ina da gas, ina da firij, injin niƙa na bakin layi, me zai kai ni? Baba ya rasu, Gwaggo ta bi shi, gonar nan mai sheƙi yanzu ba mai iya zuwa cikinta da kwanciyar rai. Na ɗauka ɓula ma ta tafi tare da su.

Amma ran nan da na dawo daga aiki na tarar da farfesun ya daskare a kwano, sai na haɗiye rantsuwata. Na auno dawa na kai inji, na tuƙa, na mulmula, na jera a roba mai murfi, na zuba ruwan leda, na tura cikin firij. Mara lafiya ce za ta ci, dole a kiyaye tsabta. Kowace safiya kafin in fita in tsiyaye ruwan a makwarara in zuba sabo. Da na ga ta kwana biyu, na ɗauko ɗaya na kai mata da 'yar miya, ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa.

Inna ta dube ta, idonta ya ɗan yi haske. Ta gutsura, ta kai baki, ta tauna. Sai hasken ya mutu.

"Mi na na wanga?"

"Ɓula ce, Inna."

"Ɓula? Wanga tuwo na da yaj ji sanyi. Ina kinka aje ta?"

Na faɗa mata. Ta yi salati, ta tafa hannu, karon farko da na ga ta yi wani abu da ƙarfi tun zuwanta.

"Hirij! Malama, duk karatun ga naki? Abin da aka son shi yi tsami shi kinka kai inda ba ya tsami? To ruwan hwa?"

"Na zubar."

Ta ture kwanon, ta juya fuska bango. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na shiga madafa na rufe ƙofa na yi kukana, don kwanakin da likita ya ba mu na cinye fiye da rabi a banza.

Da na fito sai na tarar ta tashi zaune. Ta ce in kawo turmi. Na ce ba ni da shi. Ta dube ni kamar na ce ba ni da alƙibla. A ranar na bi layinmu gida-gida cikin yayyafi, na aro turmi da taɓarya, wata tsohuwa kuma ta ba ni tukunyar ƙasa da ta daɗe a kife, ta ce tsohuwa ta fi sabuwa sanin aikin. Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a baranda, daga nan take ba da umarni. Surfen bai yi ba, a ƙara. Jiƙon bai tsimu ba, a bar shi ya sake kwana. Kirɓina kuwa ta ce ko kaza ba zai tayar daga barci ba. Hannuna ya yi bororo, 'ya'yana suna toshe hanci suna dariya, maigida ya leƙo ya ga hayaƙi ya koma da baya. Muka jefa su cikin tukunya, culum, culum, muka rufe da faifai, muka ajiye a bayan ƙofar ɗakinta.

Sai jira. Ɓula ba ta san gaggawa ba, ba ta san likita ba. Safiyar farko ta sunsuna ruwan ta ce bai yi ba. Inna na rayuwa da kurɓin koko, wuyan hannunta ya koma kamar na yarinya. A wurin aiki ina jera littattafai, hankalina na bayan ƙofa.

Ana gobe za mu koma asibiti, na tashi da ruwa na dukan kwano. Na yi salla, na shirya yara, na sa kayan aiki, sannan na durƙusa na buɗe faifan. Warin ya bugi hancina, na ganni a Zurmi tsaye da ƙafa ba takalmi. Na ɗago tukunyar ke nan, sai na ji daga kan gado, da muryar da ta dushe amma ban manta ta ba:

"Ke, kak ki zubda. Kawo nan."

Na tsiyaya a kofi, na jefa gishiri, na murza barkono. Ta karɓa da hannu biyu, ta kafa kai, ina kallon maƙogwaronta na motsi. Ba ta sauke ba sai da ta ga ƙasan kofin. Ta lumshe ido, ta tsotsi leɓe.

"Alhamdu lillahi. Wanga ya yi."

Na zauna a bakin gadon. Tambayar da na daɗe ina ɗauke da ita ta fito da kanta.

"Inna, don Allah, shekarar nan, son ruwan kike yi, ko don mu ne?"

Ta dubi ruwan da ke bin gilashin taga.

"Yunwa ta tah haɗa mu," in ji ta. "Amma da anka yanke gero, ba mu rabu ba. Ke dai kin daina lura." Ta miƙo kofin. "Tsamo mani guda, mu gani ko kirɓin ya yi."

Na tsamo, na sa mata a kwano da 'yar miyar sure. Ta gutsura ta ci, ta ƙara, ta sake ƙarawa, a hankali, ni kuma ina ƙirga lomar da idona ina share hawaye da gefen mayafi. Da ta ci rabi sai ta tsaya. Ta dubi jakar da ke kafaɗata, ta dubi kofin shayina da ya huce a kan tebur, sannan ta turo kwanon gabana, ta kau da kai kamar yadda take yi duk lokacin da za ta yi wa 'yar fari alheri.

"Ni a tsamo mani wata da hantsi. Ke ka zuwa aiki. Ci."

Na ajiye jakar, na wanke hannu, na ci.